Tashar Lantarki Ta Kurra Da Maƙwabtanta

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka daga Kainji wutar lantarki ta ruwa ta fara a ƙasar nan. Ba haka ba ne. A 1968 aka gama Kainji, alhali tun 1929 aka kafa kamfanin NESCO a tsaunukan Jos, ya gina tasha a Kurra, cikin ƙasar Barikin Ladi.

Da malaminmu na labarin ƙasa ya kai mu, na ga yadda take aiki. Akan tare ruwan damina a madatsa can bisa, sa'an nan a sako shi ta manyan bututu. Saboda gangaren dutse, sai ya faɗo da ƙarfi ya juya inji. Ba gawayi, ba mai.

Amma fa don haƙar kuza Turawa suka gina ta, ba don ƙauyukan wurin ba. Birom manoman acca da dankali, da Fulani makiyaya, su ne maƙwabtanta, kuma ramukan kuza sun ci gonaki da yawa. Wani tsoho ya nuna mini kududdufi, ya ce nan gonar mahaifinsa take a dā. Shanu muka tarar suna shan ruwa a ciki.