Darasi Daga Yunwar Kakalaba

Manoma, ku tuna da Kakalaba, yunwar da ta auka wa ƙasar Kano cikin 1914. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja, ga haraji ana biya da kuɗi, sai mutane suka ƙara gonakin gyaɗa. Daminar 1913 kuwa ta zo da fari, gero da dawa suka ƙone. Kafin bazara rumbuna sun ƙare, har ana tonon gidan tururuwa neman tsaba. Dubbai suka mutu.

To, ran da hatsi ya ɓace a kasuwa, sule ba ya tuƙuwa. Saboda haka kada ku sayar da hatsi da kaka sai kun ware na ci da na iri. A gyara rumbu, a tsare shi daga ɓera da gara.