Amsoshin Tambayoyinku: Tafiya da Jariri

Wata mai shayarwa daga Funtuwa tana tambaya: za ta Kaduna a mota da jaririnta ɗan wata huɗu, me za ta ɗauka?

To Hajiya, Allah ya raya. Ki ware ƙaramar jaka ki riƙe a hannu, kada a jefa ta a but. A ƙaramar jakar nan ki sa kunzugu da yawa, kayan canji, zanen goyo, sabulu da ledar zuba masu datti. Katin rigakafi ma, don Allah kada ki manta katin rigakafi. Gidan sauro ya shiga babbar jaka.

Abincinsa kuwa, kafin wata shida nono zalla ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata. Ke ce za ki riƙe ruwan sha mai tsabta.