Darasi na 18: Fatauci a Ikko

Ikko birni ne a bakin teku. Shi ne babban birnin Nijeriya har 1991, sa'ad da aka koma Abuja. Fatakenmu suna kai albasa da tumatir can. To, mu bi su mu gani.

Sau da yawa cikin dare motocin kaya ke isa kasuwar Mil 12. Ga fitilu ko'ina. 'Yan dako suna sauke buhuna, dillali yana ƙidaya, yana rubutawa. Mu karanta takardar da kanmu, kada barci ya sa mu yi gaggawa. In buhu 45 muka kawo, aka rubuta 40, buhu nawa suka salwanta?

Da rana, in an gama ciniki, sai mu je Apapa mu ga jiragen ruwa. Wani jirgin ya ɗebe kayan mota ɗari, bai cika ba! Ruwan teku gishiri ne, ba ya shayuwa. Igiyarsa kuwa tana da ƙarfi ƙwarai. Ko gwanin iyo a gulbi kada ya shiga.

Da magariba mu nufi Agege, wurin 'yan'uwanmu Hausawa, mu kwana gidan mai masauki.

Ku rubuta: Ikko, teku, dillali, buhu.