DARASI: TAWALI'U SHI NE ƘOFAR SUJADA

Karatu: 2 Sarakuna 5:1-14, Luka 17:11-19, Yakubu 2:1-4. Ayar haddacewa: Yakubu 4:10.

Ya ku 'yan'uwa cikin Almasihu, mu da muke zaune a Babban Giji da Gyadi-Gyadi da Tarauni kaɗan ne a tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi. Sau biyar kowace rana muna ganinsu suna sa goshi a ƙasa, attajiri da ɗan dako a sahu ɗaya. Su ma suna lura da mu. Ran Lahadi sukan ga mun yi ado, mun kama hanyar Sabon Gari da Littafi Mai Tsarki a hannu. To, wace irin zuciya muke kaiwa can?

1. Ma'anar kalmomin

Sujada kalmar Larabci ce, asalin ma'anarta kuwa sa goshi a ƙasa. Tawali'u ma daga Larabci ya zo, watau mutum ya ƙasƙantar da kansa. Ashe kalmomin nan biyu 'yan'uwan juna ne. Wanda zuciyarsa take tsaye ƙyam, ko da ya rera dukan waƙoƙin da ke cikin littafi, bai yi sujada ba tukuna.

2. Kutare biyu

Na'aman sarkin yaƙin Suriya ne, amma kuturu ne. Wata 'yar baiwa ce ta ba da labarin annabin da ke Samariya. Ya zo ƙofar Elisha da dawakai da karusai, yana tsammani za a fito a tarye shi. Annabi bai fito ba, sai ya aika masa ya je ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun. Na'aman ya fusata, ya juya. Da bayinsa ba su lallashe shi ba, da ya koma gida da girmansa da kuturtarsa duka. Gaskiyar Hausawa da suka ce girman kai rawanin tsiya. Sai da ya sauka cikin ruwa ya warke, sa'an nan ya shaida Allah na gaskiya.

Na biyun yana cikin kutare goma da Yesu ya warkar. Tara suka wuce abinsu. Ɗaya kaɗai ya komo, ya faɗi rubda ciki a gaban Yesu yana godiya, shi kuwa Basamariye ne, wanda Yahudawa suka raina. Duka goma sun sami lafiya, ɗaya ne ya yi sujada.

3. Abin da ya faru a ƙasarmu

A shekara ta 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller suka iso Kano, amma Sarki Aliyu Babba bai yarda su zauna ba. Cikin shekarun 1930, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka bar mishan na S.I.M. su yi jiyyar kutare a Yadakunya, kusa da Kano. Haka kuma a Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. Ƙofar da ba ta buɗu a fada ba, ta buɗu a wurin wankin gyambo. Daga cikin majiyyatan nan aka sami masu bi, har da masu bishara. Daga baya asibitocin suka koma hannun gwamnati, yau kuwa kuturta tana da magani. Amma mu lura da sunan nan, Yadakunya. Mai zuwa wurin ba ya ɓoye ciwonsa. Haka ya kamata mai zunubi ya zo gaban Allah.

4. Mu fa?

Yakubu ya tsauta wa masu ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, su ce wa matalauci ya tsaya can. Ba mu tsira daga wannan ba. Akwai mai fushi don ba a kira shi da muƙaminsa ba. Akwai wanda ba ya ba da baiko sai za a faɗi sunansa. Akwai wanda ba ya zama kusa da ɗan wata kabila. Irin wannan ya raba ekklesiyai, ya kori matalauta, ya kuma ba maƙwabta abin faɗi. Ubangijinmu kuwa ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa (Yohanna 13). Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle durƙusa wa Mahalicci.

Tambayoyi

(a) Me ya kusa hana Na'aman warkewa?
(b) Wane ne yake share majami'armu? Mun taɓa gode masa, ko mu karɓi tsintsiyar?
(c) Akwai ɗan'uwan da ya kamata mu nemi gafararsa kafin Jibin Ubangiji mai zuwa?

Addu'a: Ya Uba, ka karya girman kanmu, ka koya mana sunkuyawa a gabanka da gaban juna, domin sunan Yesu. Amin.