DARASIN YAU: Me ke riƙe cikin akuya, me kuma ke zubar da shi?

Yau za mu ɗan ajiye batun kaji da tarwaɗa mu leƙa wajen awaki, don da yawanmu akwai akuya biyu ko uku ɗaure a bayan ɗakin kaji, kuma ɓari guda ya isa ya cinye wahalar wata biyar.

Akuyar da ta balaga tana neman bunsuru kusan duk bayan kwana 21. Za ka ji ta dami gida da kuka, tana ta kaɗa bindi, gabanta ya ɗan kumbura yana fitar da yauƙi. Kwana ɗaya zuwa biyu take yi a haka, kuma wajen ƙarshen lokacin ne take sakin ƙwan haihuwa. A daidai gurbin da ƙwan ya fita sai wani ɗan ƙullutu mai launin ruwan ɗorawa ya tsiro. Wannan ƙullutu shi ke zuba sinadarin furojestaron a cikin jini, shi kuma sinadarin ya kwantar da mahaifa ta daina murɗawa, ya rufe bakinta, ya hana akuyar sake neman bunsuru.

Idan barbara ba ta kama ba, wajen kwana 16 zuwa 17 mahaifa za ta saki wani sinadarin daban, furostagilandin, ya narkar da ƙullutun, akuya ta koma neman bunsuru. Idan kuwa ta kama, ɗan tayin da kansa ke aika wa mahaifa saƙo kada ta saki wancan sinadari. Sai ƙullutun ya zauna, ciki ya ci gaba har kwana 150, ko ƙasa ko sama da kwana biyar.

To a nan ne akuya ta bambanta da tunkiya, kuma nan nake so a natsu. Ita tunkiya, da ciki ya haura kamar kwana 50, mabiyiya ce ke karɓar aikin samar da furojestaron, ko ƙullutun ya mutu cikin yana nan. Akuya ba haka take ba. Mabiyiyarta ba ta samar da abin da zai isa, don haka daga ranar farko har ranar haihuwa cikinta a kan wannan ɗan ƙullutu yake rataye. Duk abin da ya kashe shi, ko a wata na nawa ne, cikin ya tafi.

Akwai allurar furostagilandin a shagunan magungunan dabbobi, irin su Estrumate da Lutalyse. Magani ne mai amfani in ya faɗa hannun wanda ya san shi. Likitoci na amfani da shi don awaki su nemi bunsuru lokaci guda: a yi allura sau biyu, kwana 11 tsakani, sannan cikin kwana biyu zuwa uku yawancinsu su nema. Mai son 'ya'yansa su zo tare su kai kasuwa tare, wannan dabara ce mai kyau. Amma ku dubi yadda muke kiwo a unguwanninmu. Akuya ta fita da safe, ta haɗu da bunsurun maƙwabta a bakin bola, ta dawo ba wanda ya sani. Bayan wata biyu maigida ya ce ai wannan ta ƙi neman barbara, a yi mata allura. Ba ƙi ta yi ba, ciki gare ta. Kwana biyu sai a tsinci ɗan tayi a turke. Shi ya sa ni a ganina, akuyar da ke yawo ba a yi mata wannan allura sai an tabbatar ba komai a cikinta, kuma sikanin yana nunawa tun daga wajen kwana 30 zuwa 40.

Sai deksametason, wanda aka fi sani da deksa. Wasu da akuya ta ɗan yi sanyi sai a haɗa mata da shi. Ga mai tsohon ciki yana iya tayar da naƙuda lokaci bai yi ba, domin yana kwaikwayon sinadarin da ɗan ciki ke saki idan ya isa fitowa. Albendazol na tsutsar ciki shi ma a kauce masa a farkon ciki, yana iya nakasa ɗan tayi. Oksitosin kuwa ba a yin sa sai bakin mahaifa ya buɗe kuma ɗan yana kwance daidai, in ba haka ba mahaifar na iya fashewa.

Wani lokaci kuma ƙullutun ne ke ƙin mutuwa alhali babu ɗa. Akuya ta daina neman bunsuru, ciki ya yi ta girma, kai har hantsa ta ɗan cika, kana ta ƙara mata dusa da harawa kana lissafin tagwaye. Ranar da abin zai warware sai ka ga ruwa kawai ya zubo. Cikin ƙarya ke nan, kuma maganinsa ita ce dai allurar da muka yi gargaɗi a kanta, bayan likita ya duba ya tabbatar ruwa ne.

Ba kowane ɓari ne na allura ba. Yunwa a sati shida na ƙarshe, lokacin da ɗan ke yin mafi yawan girmansa, da zazzaɓi mai zafi, da cututtuka irin su bakkale, duk suna jawo shi. In awaki biyu ko uku suka yi ɓari a jere, a kira likitan dabbobi, kada a tsaya canki-canka.

Iyayenmu mata da ƙannenmu, ku ne kuka fi kowa hidimar awaki a gida, don haka wannan taku ce. Furostagilandin yana ratsa fata. Mai juna biyu kada ta taɓa kwalbar ko sirinjin, domin abin da yake yi wa akuya yana iya yi wa mutum. Mai cutar asma ma ya nisance shi. Haka kuma in akuya ta yi ɓari, mai ciki kada ta ɗauki ɗan tayin ko mabiyiyar, kada ta share wurin, kada ta sha nonon ba a tafasa ba. A sa wani ya sa safar hannu ko leda ya kwashe, a binne da zurfi yadda kare ba zai tono ba, a ware akuyar daga sauran na 'yan makonni.

Wanda yake da bunsurunsa a gida, ya rubuta ranar barbara ko da a bangon ɗaki ne da gawayi. Ka sa ido daga kwana 18 zuwa 24. In ba ta sake nema ba, ka ɗauka ta kama, ka ƙirga kwana 150 daga ranar, kuma duk wanda zai yi mata allura ka faɗa masa tana da ciki tun kafin ya buɗe jakarsa.