Darasin Lafiya: 'Yan Kunne Da Ƙaiƙayin Fata

Sau da yawa mukan ga yarinya kunnenta ya kumbura yana ruwa, ko mace ta yi ƙuraje a wuya daidai inda sarƙa take kwanciya. Waɗansu sukan ce sammu ne. Amma galibi laifin ƙarfen ne.

Ina dalili?

Yawancin kayan ado masu araha gamin ƙarfe ne, an shafa musu ruwan zinariya a bisa. A cikin gamin akan sami wani ƙarfe mai suna nikel. Guminmu yana da gishiri. Idan shafen ya goge, gumi yakan narkar da nikel kaɗan kaɗan, ya shiga fata. Shi ya sa abin ya fi tsanani da bazara.

Sabon hujin kunne ya fi haɗari, gama rauni ne a buɗe. In jiki ya ƙi nikel sau ɗaya, yawanci ya ƙi shi ke nan har tsufa. Daga nan ko kan bel ko bayan agogo sai ya tā da ƙaiƙayi.

A shekarar 1994 Tarayyar Turai ta kafa doka a kan wannan. Kayan da ke daɗewa a jikin fata kada su saki nikel fiye da rabin maikirogiram a kowane murabba'in santimita cikin mako. Maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram.

Akwai kuma dalma, wadda ta fi muni. A 2006, a jihar Minisota ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 4 ya haɗiye ɗan abin ado na dalma, ya mutu.

Abin da za mu yi

1. In mun huda wa jaririya kunne, kada mu sa mata 'yan kunne masu araha kafin hujin ya warke sarai.
2. In ƙaiƙayi ya soma, mu cire ƙarfen nan da nan, mu wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta.
3. In wurin yana mugunya, mu kai ta ɗakin shan magani.
4. Kada mu bar yara su riƙa tsotsar sarƙa ko zobe.

Tambayoyi

1. Me ke fitar da nikel daga cikin ƙarfe?
2. Me muke sa wa 'ya'yanmu a sabon huji a ƙauyenmu?