Kafin ka biya kuɗin dashe a bakin titi

Da damina ta sauka, masu sayar da dashe a bakin titunan Kano, Kaduna da Abuja kan jera baƙaƙen ledoji reras, kowace da ɗan tsironta. Ka tambayi suna, a ba ka amsa nan take: wannan mangwaro Juli ne, wancan lemon zaƙi, na can kuma jan fure yake yi. Sai an shekara uku ko biyar kana ban ruwa da zuba taki, sannan ka ga abin da ya fito daban. Ba kullum ne ha'inci ba. Da yawa daga masu sayarwar su ma sarowa suke yi, ledojin babu rubutu, wajen lodi da saukewa sun cakuɗe. Amma asarar a kanka take, kuma shekarun da suka tafi sun fi kuɗin dashen ciwo.

Na ado shi ya fi sauƙi: kada ka sayi wanda bai yi fure ba. Bugambiliya, mai ƙayar nan da ake ɗorawa kan katanga, da wuya ka gane launinta daga ganye. Haka iksora, wadda ban da launi akwai gajera ta shinge da doguwa mai wuce tsayin mutum, kuma gajerar ta fi ƙananan ganye. Ka ƙara kuɗi ka ɗauki wadda furenta ke jiki.

Wadda ta fi damuna ita ce oliyanda, don ana sayar da ita da sunan "fulawa" kawai. Ganyenta dogo ne siriri mai kauri, yana fitowa uku-uku a kewayen reshe. Duk jikinta guba ne, har hayaƙinta in an ƙona. 'Yar'uwarta mai furen rawaya kamar ƙararrawa da farin ruwa in an karya reshe, ita ma haka. Gidan da ke da yara ƙanana ko awaki ba wurinsu ba ne.

A itatuwan marmari kuwa, wurin aure, wato inda aka haɗa reshen wani iri da gindin wani, za ka fara nema. A mangwaro tabo ne ko ɗan kumburi a jikin kara, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, inda ɓawon sama da na ƙasa suka ɗan bambanta. Ledar da aka naɗe wurin da ita ba shaida ba ce, ka ce a kwance ka gani. Mai aure kan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kan kai 5 zuwa 8, kuma ba lallai ya gaji uwarsa ba. Sai dai tabon aure bai gaya maka irin da aka ɗora ba. Nan sai ka tambaya: "Malam, daga wace bishiya aka yanko reshen?" Wanda ya yi auren da hannunsa zai faɗa maka lambun, wani ma ya kai ka.

Lemo yana da wata matsala da ake ɗora wa mai sayarwa alhali ba laifinsa ba ne. Ana aura mai zaƙi ne a kan gindin mai tsami saboda juriyarsa. In aka bar tohon da ke fitowa ƙasa da tabon, sai ya fi ƙarfin na sama ya mamaye bishiyar, ranar tsinka a sha tsami. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure, a cire shi yana ƙarami. Dabino kuma akwai namiji akwai mace, kuma na ƙwallo ba a gane jinsinsa sai ya yi fure. Ɗan da aka ciro daga gindin uwa shi ne tabbas. Don haka in da hali a nemi dashe daga tushe, irin tashar binciken dabino ta NIFOR a Dutse, ko tashoshin NIHORT da ke Bagauda da Dadin Kowa. Ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan irin, ka kuma rubuta a littafi abin da ka dasa a kowane rami.

To, in an riga an dasa fa? Ka ɗauki hoton shukar gaba ɗaya, sannan ganye ciki da baya, yadda ganyen ke jere a reshe, fure, 'ya'ya da ɓawo. Manhajojin waya irin PlantNet da Google Lens za su nuna maka dangin shukar, amma ba za su raba maka Juli da Binta Suga daga ganye ba, kuma sukan yi kuskure. Kada ka ɗanɗana, kada ka dafa magani bisa faɗar waya. Ka yanko reshe mai fure, ka danne shi cikin tsohuwar jarida, ka kai sashen nazarin tsirrai na jami'a. Ta Ahmadu Bello a Zariya da ta Bayero a Kano duk suna da ma'ajiyar busassun tsirrai da ake gwadawa da su.

Mangwaron da ya fito ba wanda ka nema ba, kada ka sa masa gatari. Saiwar da ta yi shekaru tana kafuwa dukiya ce. A datse manyan rassan, a bar guda ɗaya yana ciyar da bishiyar, a shafa wa kututturen farin fenti na ruwa saboda rana. In sabon toho ya kai kaurin fensir, a kira mai aure ya ɗora irin da kake so, daga bishiyar da ka sha 'ya'yanta da bakinka. Cikin shekara biyu zuwa uku sai ta koma haihuwa.